Judith da Dattawa Talatin da Biyu

Tun daga gadar Kaduna har zuwa ƙarshen Kamazou, babu wanda ya taɓa yi wa adalci hidimar da Judith Albert ta yi masa. Alƙali yana raba gardama tsakanin mutum biyu, ya ɗage zama sau goma. Ita kuwa ta raba ta tsakanin mutum talatin da biyu cikin mako uku. Gardamar ita ce wa za a fara kiran sunansa kafin a ci shinkafa.

An haife ta a Kakuri a shekarar 1989, a wani gidan haya da jiniyar masaƙa ke tayar da mutanensa kowace safiya. Mahaifinta, Baba Albert, ya shekara talatin da huɗu yana kula da injinan saƙa, har ya kai matsayin da ake saka biro biyu a aljihun gaba. Da masaƙar ta rufe, ya dawo gida da biron nan biyu, ya yanke shawarar cewa 'yarsa za ta koyi injin da ba ya cin auduga. Ta karanta kwamfuta a kwalejin fasaha, ta fito da sakamako mai kyau, ta ƙware a Java, wani harshe da ake ba kwamfuta umarni da shi. Daga nan duniya ta buɗe mata ƙofa. Ƙofar ta wani shago ce mai faɗin tabarma uku a Trikania, inda take buga katin biki, da takardar neman aiki, da tarihin mamaci na ranar jana'iza. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya shigo ya tambaye ta Java. Yawanci abin da ake tambayarta shi ne ko akwai wuta.

Mutanen ƙauyensu, Tudun Gwaza, suna da ƙungiya a Kaduna, kuma Baba Albert yana cikin waɗanda suka kafa ta. Kowace Disamba ana babban taro. Mai gabatarwa ya kira dattawa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, a yi addu'a, a yi alkawarin gyara rijiyar ƙauye, a ci abinci. Shekara bakwai da suka wuce mai gabatarwa ya kira Cif Ernest, Garkuwan Tudun Gwaza, kafin ya kira Baba Albert. Baba ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake komawa ba.

Da abin ya tsaya a nan, da babu wanda ya damu, don fushin dattijo ba ya hana kaza ƙwai. Amma ƙungiyar tana da doka: duk wanda ya shekara bakwai a jere bai sa hannu a littafin halartar babban taro ba, an cire shi. Ƙungiya ce kuwa ke ɗaukar gawar ɗanta ta kai shi gida, da mota, da mawaƙa, da mata sanye da anko. Wanda aka cire, sai a binne shi a Kaduna kamar baƙo. Baba yana da shekara saba'in da takwas, kuma wannan Disambar ce ta bakwai. Yakan ce shi ko a jikinsa, a jefa shi a kogi ma in an ga dama. Sai dai tuni ya nuna wa Judith wurin da yake so, kusa da mahaifinsa, har ya auna da taku.

Judith ta buga tarihin mamata ya fi ɗari biyu. Ta san bambancin takardar da ke cewa «za a tashi da gawa zuwa gida da ƙarfe shida» da wadda ba ta cewa komai. Don haka ta tafi wurin kwamitin ƙungiya.

Sakatare shi ne Malam Ɗanjuma, tsohon malamin lissafi, mutum na huɗu da ya riƙe kujerar cikin shekara shida. Ukun da suka gabace shi duk jerin sunaye ne ya cinye su.

«Malam,» in ji Judith, «duk wanda ya rubuta jerin nan, za a ce ya yi son kai. Ku bar wa kwamfuta. Ba ta da suruki, ba ta da maƙwabci, ba ta zuwa cocin kowa.»

«Kuma ba za a iya tsige ta ba?»

«Sai dai a kashe ta a kunna.»

Malam Ɗanjuma ya dubi sama kamar wanda aka sauke wa buhun gishiri daga ka. A ranar kwamiti ya amince cewa abin da inji ya fitar shi ne hukunci. Baba Albert ma ya aiko da saƙo cewa in inji ne zai yi, zai zo, don shi ya yi zama da injina, bai taɓa ganin wanda ya ci amanarsa ba sai wanda aka ƙi zuba wa mai.

A irin tsarin da Judith ta koya, komai «abu» ne. Mota abu ce, ɗalibi abu ne, kuma kowane abu yana ɗauke da bayanansa a jikinsa. Sai ta mai da kowane dattijo abu: ga suna, ga shekaru, ga sarauta in akwai, ga dangantaka. Ba ta gaya musu an mai da su abubuwa ba.

Kwamfuta ba ta san jera abubuwa da kanta ba, sai an koya mata kwatanci. Hanya biyu ce. Ko dai a dasa wa kowane abu ma'auni guda a cikinsa, kamar shekaru, ko kuma a naɗa wani ɗan alƙali a gefe, a riƙa miƙa masa abubuwa bibbiyu, shi kuma ya ce wannan ne gaba, ko wancan, ko kuwa daidai suke. Judith ta so ta yi ta farko, don shekaru ba sa gardama. Sai ta tarar dattawa goma sha ɗaya an haife su ranar ɗaya ga Janairu, biyu kuma suna da shekarun aiki daban da na coci. Ta koma ga ɗan alƙali. Amsar «daidai suke» kuwa kwamiti ya hana ta tun daga farko. A Tudun Gwaza gara a ce kana baya, ka samu abin faɗa, da a ce daidai kake da wani.

Kwamiti ya ba ta dokoki, kowace da hujjarta tun kakanni. Mai sarauta yana gaban marar sarauta. Tsakanin dangi, uwa ko uba na gaban ɗa, ko da ɗan ya fi furfura. Sai kuma ta 'yan birni, wadda babu mai wasa da ita: wanda ya sauke ka a ɗakinsa ranar da ka fara zuwa Kaduna da akwatin kwano, yana gabanka har abada, ko me ka zama. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, sai a koma ga shekaru.

Ta shigar da dattawa talatin da ɗaya, ta danna. Jeri ya fito tsaf. Washegari ta sake shigar da su, amma ta fara daga ƙasan takarda. Jeri ya sake fitowa tsaf, sai dai mutum ukun da ke sama sun canja wuri. Ta gwada sau biyar, ta samu amsa uku. Ɗaliba mai sakamako mai kyau ta san wannan alama ce ta ciwo. Ita kuma 'yar Baba Albert ta lura cewa ɗaya daga cikin amsoshin ta sa Baba a kan kowa. Ta yi nazarin lamarin tsakaninta da Allah na kusan minti guda, ta adana wannan amsar.

Saura kwana goma taro, ta kai kwamfutar gaban kwamiti don a shaida. Ta ɗora ta a kan benci, mutum bakwai suka zagaye ta da hannaye a baya.

«Dakata,» in ji Malam Ɗanjuma. «Madam Charity ta cika sittin a watan jiya. Ta shiga dattawa. Ƙara ta, kada ta yi mana allura.»

Judith ta ƙara tsohuwar nas ɗin, ta danna. Jeri bai fito ba. Wani jan rubutu ne ya fito da Turanci, ma'anarsa: alƙalin da kika naɗa ya saɓa alkawari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya sani. In abubuwa ba su kai talatin da biyu ba, Java ba ya wahalar da kansa. Yana ɗaukarsu ɗaya ɗaya ya cusa kowane inda ya ga dama ta samu, ba ya waiwaye. Daga talatin da biyu sai ya raba su kashi kashi, ya jera kowane kashi, ya zo haɗawa, kuma a wurin haɗawar ne wani lokaci yake kama ƙarya. Alkawarin da ake magana kuwa ɗan ƙarami ne: in na ɗaya yana gaban na biyu, na biyu yana gaban na uku, to dole na ɗaya ya kasance gaban na uku.

«To ai wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani,» in ji Malam Ɗanjuma. «Wa ya saɓa?»

«Mu, Malam. Baba yana gaban Cif Ernest, don shi ya sauke shi a Kakuri, shekara biyu yana kwana a tabarmarsa.»

«Gaskiya ne.»

«Cif yana gaban Mama Rebecca, don yana da sarauta.»

«Babu shakka.»

«Mama Rebecca kuma tana gaban Baba, don ƙanwar mahaifinsa ce. Gwaggonsa ce, ko da ya girme ta da shekara huɗu.»

«Wannan ma haka yake.»

«To wa ke gaba?»

Malam Ɗanjuma ya bi abin da yatsa a iska, ya zagaya sau biyu, ya dawo inda ya tashi. Wani daga cikin kwamiti ya ce a cire Madam Charity a huta, tun da kafin zuwanta lafiya ake. Wani ya ce a jera dokokin su kansu, a ce ta dangi ta fi ta sarauta. Judith ta ce ba zai yi ba, don Cif ba dangin Baba ko Mama Rebecca ba ne, ta 'yan birni kuma ba a taɓa ta. Wani ya tambaya ko ba wata kwamfutar da ta fi wannan ladabi.

«Sai ɗaya daga cikinsu ya janye,» in ji Judith. «Inji ba zai zaɓa ba.»

«To me muka ɗauko shi ya yi?» in ji Malam Ɗanjuma. Aka naɗa Judith kwamitin mutum ɗaya ta je ta roƙe su.

Ta fara da Mama Rebecca, shugabar zumuntar mata, ta same ta a tsakar gida tana tsinke yakuwar fate. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, don haka Judith ta shiga da ƙarfinta.

«Kaka, ki bar wa Baba gaba mana. Shi fa ya goya ki kina jaririya.»

«Ya goya ni, ya kuma yar da ni a gonar citta. Ga tabon nan. Ke 'yar inji, je ki gaya wa akwatinki ni na haifi ubanki.»

«Kina da shekara nawa kika haife shi?»

«Ban zo duniya ba tukuna, amma an ajiye mini shi. In Ernest ne, ya wuce, ai da hular sarautarsa ko akuya za ta wuce ni. Amma ɗana? Ranar da aka kira Albert kafin ni, ranar nan ƙanena duka za su tashi daga kabari su tambaye ni.»

«Ke ce auta, Kaka. Ba ki da ƙane.»

«To yayyena. Miƙo mini tiren can.»

Baba Albert kuwa ba ta ma gama magana ba ya ɗaga hannu.

«Gwaggo ta wuce, haƙƙinta ne. Amma Ernest? Da takalmin roba ya zo garin nan. Ni na nuna masa yadda ake tsallaka titi. Ni na saya masa buroshin haƙori, ya tambaye ni ko na gashin baki ne.»

«Baba, saura kwana bakwai. In ba ka sa hannu ba, an cire ka.»

«A cire.»

«Ni zan buga takardar, Baba. Me zan rubuta a wurin tashi da gawa?»

Ya juya ya kalli ƙofa. Sannan ya ce rediyonsa na buƙatar batir.

Saura Cif Ernest. Bayan tabarmar Kakuri ya shiga aikin gwamnati, ya hau har inda ake ba mutum direba, ya yi ritaya ya gina gida a Kamazou mai zakuna biyu na siminti a bakin ƙofa. Ya saurare ta har ƙarshe yana juya zobensa.

«'Yata, sarautar nan ba tawa ba ce, ta gari ce. In na koma bayan mace, Tudun Gwaza ce ta koma.»

«Ranka ya daɗe, ai Tudun Gwaza daga bayan mace ta fito.»

Ya yi dariya har ya yi tari. Da ya natsu sai ya tambaya da ƙaramar murya: «Da gaske wannan ce ta bakwai?»

«Ita ce.»

«Tabarmar nan tasa, kin san da kuɗin cizo a ciki? Shekara biyu. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cin abinci ya bar ni ba.» Ya gyara hula. «Sa ni na uku. Sharaɗi biyu. A ce inji ne ya yi, ni ban sani ba. Kuma a buga sarautata da manyan baƙaƙe, waɗanda suka fi na kowa kauri.»

Judith ta koma shago ta yi abin da malamanta suka hana. Ta rubuta wa ɗan alƙalin da hannunta cewa Rebecca ɗaya, Albert biyu, Ernest uku, kada ya tambayi dalili. Jan rubutu ya ɓace. Dattawa talatin da biyu suka fito a jere, kowa a bayan wanda ya fi shi. Ta buga a takarda mai ƙyalli, a ƙasa ta rubuta cewa kwamfuta ce ta tsara, ba hannun mutum.

Ranar taro aka cika zauren wata makaranta a Kakuri tun ƙarfe ɗaya. Littafin halarta yana kan teburi daga cikin ƙofa, za a rufe shi ƙarfe huɗu. Judith ta ɗauko Baba a keke-napep ɗin Malam Zakariyya'u, maƙwabcinsu daga Makera, wanda ya saba kai shi asibiti. Baba ya sha babbar riga, biro biyu a aljihu. Suna isa bakin makarantar ya ce a tsaya.

«Motar wa nake gani can?»

«Ta Cif ce, Baba.»

«Yana cikin motar?»

«Yana ciki.»

«To mu jira.»

Akwai wata doka da kwamiti bai ba Judith ba, don babu wanda ya ɗauka sai an faɗa: babba shi ke shiga zaure a ƙarshe. Ta ruga wurin motar, ta ƙwanƙwasa gilashi. Gilashin ya sauko da faɗin yatsa huɗu.

«Ranka ya daɗe, kai ne na uku. Kai za ka fara shiga.»

«A takarda na janye, 'yata. Ba mu yi maganar ƙofa ba.» Gilashi ya koma.

Ta zagaya bayan zaure, inda mata ke kwashe shinkafa. Mama Rebecca na zaune a kan kujera da anko da ɗankwali kamar rufin coci.

«Kaka, don Allah.»

«Uwa ta shiga ta zauna tana jiran ɗa? Su shiga su biyun, in ji labari, sannan in taso.»

A ciki mai gabatarwa ya gaji da jira. Ya ɗauki takarda mai ƙyalli ya karanta jerin daga farko har Madam Charity, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wannan ne karo na farko a tarihin ƙungiyar da aka kira dattawa babu wanda ya yi tsaki. Kujeru ukun farko babu kowa a kansu, amma an tafa musu.

Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Judith ta tsaya a gefen keke, ta daina roƙo, don ta ƙare kalmominta. Baba yana kallon motar, motar tana kallon Baba. Sai aka ji kiran sallah daga wani masallaci can gaba. Malam Zakariyya'u ya duba agogo ya juyo.

«Baba, la'asar ta yi. Ni zan tafi masallaci.»

«Je ka dawo, ina nan.»

«Da keken zan tafi, Baba. Kai ka san garin nan.»

«Zakariyya'u, yau kai ma?»

«Ni ban san wa ya fi wa a cikinku ba. Na dai san wanda ya fi ku duka, kuma shi ke kira. Sauka a hankali, ga hannuna.»

Baba ya sauka. Keke ya tafi. Rana tana dukan filin makarantar, babu bishiya, babu benci, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da yin ritaya. Ya tsaya minti uku da mutuncinsa. A na huɗu ya ce wa Judith shi ba shiga zai yi ba, zai dai duba ko an share zauren da kyau.

Daga cikin ƙofa Malam Ɗanjuma ya juyo masa da littafin ba tare da ya ɗaga kai ba. Baba ya zaro biro ɗaya, ya ƙi rubutu. Ya zaro na biyu, shi ma haka. Judith ta miƙa masa nata. Cif Ernest ya shigo bayansa da minti biyu, Mama Rebecca kuma bayan Cif, kowannensu da fuskar wanda ya ci nasara.

Littafin halarta ba ya bin shekaru ko sarauta, wanda ya riga zuwa shi ke sama. Baba Albert ne na ɗari da goma sha huɗu, a ƙarƙashin matar da ta kawo kujerun haya.